Wankan jego: a gidanku ko a ɗakinki?

Ciki na shiga wata na bakwai maganar take tasowa. Mahaifiyarki ta kira a waya tana tambaya yaushe za a kawo ki goyon ciki, ko kuwa sai an yi suna za a zo a tafi da ke. Maigida ya yi gum, da gani ransa bai so ba, kunyar surukai ce ta rufe masa baki. Uwar miji ma tana da nata ra'ayin, wataƙila har ta sa an share miki ɗaki a sashenta. Ke da abin ya shafa kuwa, sau da yawa ke ce ake mantawa a tambaya. Na yi jego sau uku. Na fari a gidanmu a Zariya, na biyu a ɗakina a Kano ni da wata gwaggona, na uku kuma na raba shi biyu. Abin da na gani a kowanne zan zayyana, don wadda take tsaka da wannan shawara ta san abin da take ɗauka da abin da take bari.

Kafin a auna gidajen biyu, a fara sanin me kwana arba'in ɗin nan suke nema daga mace. Mahaifa tana ɗaukar kusan mako shida kafin ta koma girmanta na da. Jinin biƙi yana zuba, idan an yi ƙari ko ɗinki yana bukatar lokaci ya warke, nono yana kawowa ya cika ya yi tauri a kwana na uku ko na huɗu. Shi kuma jariri bai san dare ba bai san rana ba, yana neman nono sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana guda. Mai jego tana bukatar barci, da abinci mai kyau a kan lokaci, da hannun da zai karɓi yaro idan nata ya gaji, da hanyar asibiti a buɗe idan wani abu ya taso da tsakar dare. Da waɗannan huɗun nake auna kowane gida, sannan na ƙara na biyar wanda ban san darajarsa ba sai da na haihu: wa ake saurara idan an zo yanke shawara a kan jaririn?

Ta fuskar hutu, gidan iyaye ba shi da na biyu. Tun kafin kiran sallar asuba zan ji ana hura wuta, ruwan wanka na tafasa da ganyen darbejiya. Ina fitowa kunu na jirana da zafinsa, da hantsi ga tuwo da miyar kuka an barbaɗa yajin jego, da yamma ga ƙauri ko gasasshen nama. Ban ɗora tukunya ba, ban taɓa tsintsiya ba, tsummokaran yaro ƙannena ke wankewa su shanya. Abin da ya fi wannan duka shi ne dare. Idan yaron ya sha ya ƙoshi amma ya ƙi barci, Umma ta miƙo hannu ta ce, "Kawo shi, ke kwanta." Ta saɓa shi a kafaɗa tana zagaya ɗaki har ya yi gyatsa ya yi lamo. Wanda bai taɓa kwana uku a jere ido biyu ba ba zai san abin da awa biyu na barci ke yi wa mutum ba.

Ga kuma koyo. A haihuwar fari ban san yadda ake tallafe kan jariri a baho ba, ban san bambancin kukan yunwa da kukan ciwon ciki ba, ina tsoron goya shi kada ya zame. Duk wannan a hannun Umma na gani na ɗauka. Ba a littafi ko a waya ake koyonsa ba, sai an tsaya kusa da wadda ta yi sau takwas ko goma. Ko kunyar ɗan fari da ake yi, a gida ta fi sauƙi, domin akwai masu ɗaukarsa su yi masa wasa su kira sunansa, ke kina gefe kina kallo ba wanda zai ce ba ki da kara.

Sai dai a gidanku ke yarinya ce, ko da kin haifi goma. Nan ne wahalar take. A asibitin da na yi awo an nanata mana cewa jariri nono zalla zai sha har wata shida, ko ruwa kada a ba shi, domin kaso mafi yawa na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan da ake ɗura masa yana cika ɗan cikinsa ya rage shan nono, ga hatsarin gudawa. Na dawo gida da wannan a kaina, rana ta biyu na tarar da wata kakata tana ɗiga masa ruwa da cokali, wai zafin garin nan ko babba bai iya jurewa ba balle jinjiri. Da na yi magana, amsar da na samu ita ce, "Ku da me aka raine ku?" Wannan tambayar kowace mai jego a gidansu za ta ji ta, kuma ba ta da amsa mai sauƙi, domin mai yin ta don ƙauna take yi.

Ba ruwa kaɗai ba ne. Akwai dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda wasu tsofaffi har yanzu suke cewa a matse a zubar sai nono ya wanku, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu daga jikin uwarsa. Akwai cibiya, a gasa ta da tsumma mai zafi, a shafa mata man goge baki ko man zafi don ta faɗi da wuri, alhali a asibiti cewa ake a shafa maganin kulohekzidin kawai, a kiyaye kada ya taɓa ido, a bar ta ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Cibiyar da aka sa wa abu marar tsabta ita ce ƙofar cutar da ke sa jariri ya sandare ya kasa kama nono. Akwai wanzami da zai zo cire beli, aikin da ke iya jawo zubar jini da shigar cuta a maƙogwaron yaron da bai cika mako ba. Akwai zuma da ake lasa masa, wadda likitoci suka hana ba yaro sai ya shekara. Har kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai don ƙamshi yana iya tayar wa wasu yara da ciwon shawara mai tsanani. A ɗakinki, ki ce a'a, magana ta ƙare. A gidanku kuwa kowace a'a sai kin yi mata dabara, wani lokaci ma kina barci za a yi abin a gama.

Sai maganar wankan kansa, da kunun kanwa. Ban ga laifin ruwa mai ɗumi ba, yana sassauta jiki, yana sa barci, kuma tsabta ce. Abin da nake tsoro shi ne tafasasshen ruwa da ake fyaɗa wa mace da ganye safe da yamma har fata ta saɓule, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun da aka zabga wa kanwa. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da ake kawo musu jiki a kumbure, numfashi na sarƙewa, zuciya ta kasa aikinta, suka danganta abin da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa mace da shi. Binciken da aka yi daga baya, wanda likitocin zuciya na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suka jagoranta, ya fi nuna yatsa ga wasu dalilai, kamar rama da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki. Ko ma wanne ya fi ƙarfi, abu biyu sun tabbata: ciwon zuciyar masu jego ya yi yawa a arewa maso yammacin Najeriya, kuma kanwa gishiri ce, gishiri kuwa ba abokin mai hawan jini ba ne. Wadda aka ce jininta ya hau lokacin ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ko ƙafafunta suka kumbura, kada ta yarda da kunun kanwa ko a gidan wa take. Wadda aka yi wa tiyata kuma, ba a danna mata ciki da ruwan zafi, ba a zaunar da ita cikin tafasasshen ruwa. Idan kin san a gidanku ba za a saurari wannan ba, to wannan kaɗai ya isa ya yanke miki shawara.

Ba duk iyaye ne haka ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Umma da kanta, bayan na kai ta asibiti ranar da aka duba yaron ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya, ita ta koma mai tsare shi daga masu cokali. Maganar da ba za a karɓa daga bakinki ba, sau da yawa ana karɓarta daga bakin mai farin kaya.

A haihuwa ta biyu na zauna a ɗakina, kuma abin da na fara lura da shi ba ni ya shafa ba, maigida ne. Ɗanmu na fari ya dawo masa yana da wata biyu, yaro ya yi ɓulɓul, amma baƙo ne a wurinsa, ko ɗaukarsa sai da ya koya. Ta biyun kuwa a gabansa aka yi komai. Ya ga daren da ta ƙi barci, ya ga yadda nono ke ciwo, ya san kuɗin audugar jarirai da na magani, ya tashi ya jijjiga ta don in runtsa. Namijin da ya ga jego da idonsa ba ya tambayar matarsa me take yi a gida duk yini. Gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu suka haihu, tun shekarar 2021, kuma wannan hutun ba shi da amfani idan matar tana wani gari.

Ga sauƙin asibiti. Inda kika yi awo can katinki yake, can aka san jininki ya taɓa hawa ko bai taɓa ba, can aka san yadda haihuwar ta zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, a sake a kwana na uku, a sake tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida. Rigakafin farko, na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta, tun ranar haihuwa ko kwanakin farko ake yi. Na gaba yana faɗowa a mako na shida, wato kwana 42, kwana biyu kacal bayan arba'in, daidai lokacin da ake haɗa kayan komawa ana shirin yawon arba'in gidajen dangi. Mata da yawa a nan suke tsallake allurar ba da niyya ba, daga nan na mako goma da na mako goma sha huɗu su ma su goce. Wadda take ɗakinta ba ta da wannan ruɗanin. Wadda za ta tafi gida kuwa, ta tafi da katin rigakafin yaron a jakarta, ta kuma san asibitin da za ta kai shi a can tun kafin ranar ta zo, domin ana karɓar katin a ko'ina.

To amma ɗakinki ɗakin aiki ne. Idanunki na ganin wanke-wanke, kunnenki na jin yaro na kukan yunwa, ko an ce ki kwanta zuciyarki ba za ta kwanta ba. Makon farko 'yan barka ba sa yankewa, kowacce sai an gaisa, sai an kawo mata ruwa, sai an miƙa mata jariri. Ranar suna gida ya cika ya batse, washegari kowa ya watse, a bar ki da tulin kwanuka da shiru. Wannan shirun na bayan suna shi ne abin da ba a faɗa wa amare. Maigida ya koma kasuwa ko ofis tun safe, ke da jinjiri a gida har magariba, wanka ma sai kin jira ya yi barci ki yi shi a gurguje kunnenki na ɗaki. Na san mata da suka zauna a ɗakinsu ba mai taimako, a kwana na goma suna tsugune suna wanki, jini ya dawo musu sabo.

Akwai kuma abin da ke faruwa a zuci. Yawancin masu jego sukan ji wani irin ƙunci a kwanakin farko, kuka ba dalili, fargaba, saurin fushi, kuma yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, mace ta kasa barci ko da yaro na barci, abinci ya fita ranta, ta ji ba ta sha'awar ɗaukar ɗanta, ko tunanin cutar da kanta ya riƙa zo mata, wannan ciwo ne da ake magani a asibiti, ba raki ba ne, ba kuma rashin godiyar Allah ba ne. Kaɗaici yana ƙara masa ƙarfi. A gidan iyaye akwai idanu da yawa, wani zai lura kin canza, ko da yake a can ma akan yi saurin cewa iska ce ko maita a tsaya ga hayaƙi da rubutu har lokaci ya ƙure. A ɗakinki kuwa mai yiwuwa ba mai lura sam, sai idan Allah Ya haɗa ki da miji mai kula.

Wata magana da tsofaffi ke nufi idan sun dage a tafi gida, ko da ba sa fitowa fili su faɗa, ita ce raba mace da shimfiɗar miji har jikinta ya warke, da gudun kwanika. A shari'a ba a kusantar mace sai jinin biƙi ya ɗauke, kuma a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana sittin ne. Amma ɗaukewar jini daban, warkewar ɗinki da dawowar ƙarfi daban. Tafiya gida tana ba da wannan tazarar ba sai an yi magana ba. Zama a ɗaki yana bukatar a yi maganar baki da baki tsakaninki da shi. Kuma ko kin tafi ko kin zauna, kada ki dogara da cewa mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki. Shayarwa tana karewa ne kawai idan yaro bai kai wata shida ba, yana shan nono zalla dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Ganin likita na mako shida shi ne lokacin da ake tattauna tazarar haihuwa, ya fi kyau ku je tare.

Kuɗi ma a duba shi da idon basira. Mutane na ɗauka tafiya gida sauƙi ce ga miji, alhali ciyar da ke da ɗanki yana wuyansa duk inda kike. Itace ko gawayin dafa ruwa sau biyu kullum har kwana arba'in ba ƙaramin abu ba ne, ga nama, ga kayan yaji, ga sabulu. Idan bai aika ba, nauyin ya faɗa kan mahaifinki, wanda wataƙila ɗan fansho ne da ke fama da kansa. Ranar komawa kuma iyaye ba sa son mayar da 'yarsu hannu biyu, sai an haɗa gara, buhun shinkafa, mai, dubulan, cincin, wani gidan har da bashi. Na ga yadda Umma ta sayar da tunkiyarta don a fita kunya a haihuwata ta fari, ban sani ba sai daga baya, kuma ya tsaya mini a rai. Idan za ki tafi, a yi maganar abin da zai riƙa aikawa tun kafin ki tashi, ki kuma roƙi iyayenki su sauƙaƙa garar. A ɗakinki kashe kuɗin a fili yake, ya gani da idonsa, sai dai a ƙara da ɗan abin da za a sallami wadda ta zo ta zauna da ke.

Wannan ta ƙarshen ita ce hanya ta uku, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mata da yawa a yau, musamman mazauna birni: ki zauna a ɗakinki, a kawo miki babbar mace daga danginku. Gwaggona da ta zo mini ta haifi bakwai, mijinta ya rasu, ba abin da ke jiranta a gida. Ta karɓi wanka da girki da dare, ni kuma ina da ikon gidana, asibitina na kusa, babban yaron bai bar makaranta ba. Sai dai a zaɓi mutum da kyau. Wadda za ta zo ta zauna tana jiran a yi mata hidima ƙarin aiki ce. Wadda ba ta jituwa da maigida ko danginsa za ta bar miki rigimar da za ta daɗe bayan ta tafi. Sannan a duba wuri: ɗaki ɗaya da falo ba zai ɗauki miji da suruka kwana arba'in ba tare da takura ba. 'Yar aiki ƙarama ba ta maye wannan gurbin, za ta iya shara da aike, amma ba a bar mata jinjiri, ita ma rainonta ake.

Gidan uwar miji kuwa ya danganta kacokan da yadda kuke. Idan tana riƙe ki kamar 'yarta, za ki sami kusan duk abin da za ki samu a gidanku, ga mijinki kusa. Idan akwai 'yar tsama tun da, jego ba lokacin gwada haƙuri ba ne. Ki tuna kuma cewa a'a da ta yi miki nauyi a gaban mahaifiyarki, a gaban uwar miji ta ninka nauyi, sai dai ɗanta ya faɗa da bakinsa.

Mai abokiyar zama lissafinta daban ne. Idan kuna zaman lafiya, girki ya koma hannunta, kin sami hutun da mai zaman kaɗai ba ta samu. Idan ba haka ba, wata na tsoron ta tafi wata biyu ta dawo ta tarar gida ya sauya mata, wata kuma tafiyar ce kwanciyar hankalinta. Mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo, ba wanda zai yanke mata wannan daga waje. Ma'aikaciya ma ta yi lissafin hutunta: a aikin gwamnatin tarayya aƙalla mako 16 ne, a dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12, a Jamhuriyar Nijar mako 14. Idan kin cinye rabinsa a gida, lokacin da ya rage na saba wa yaro da wadda za ta riƙe shi da koyon tatsar nono a ajiye kaɗan ne.

Da ƙanwata ce ta tambaye ni, ga abin da zan ce mata. Haihuwar fari, lafiya lau aka sauka, gidanku na kusa da asibiti, mahaifiyarki mai sauraro ce: tafi gida, abin da za ki koya da hutun da za ki samu sun fi abin da za ki rasa. An yi miki tiyata, ko jininki ya hau, ko yaron bakwaini ne, ko an ce a dawo da shi a duba ciwon shawara: zauna inda asibitinki yake, a kawo miki mai taimako, ko da ran wasu zai ɓaci. Gidanku ƙauye ne da sai an yi tafiyar awa biyu a kan babur kafin a ga likita, balle da damina: kada ki je a makonni biyun farko, domin a cikinsu ne mafi yawan hatsarin uwa da jariri yake. Kina da yara 'yan makaranta: ɗakinki, da babbar mace a gefe. Ba ki da kowa da zai zo, maigida kuma ba ya wuni a gida: tafi gida ko haihuwa ta nawa ce, domin zaman jego ke kaɗai shi ne mafi muni cikin duka.

Duk inda kika zaɓa, mutanen gidan su san alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu. A wurinki: jini mai yawa da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa guda ko fita da gudaji manya, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, zazzaɓi, jini mai wari, kumburin ƙafa da fuska, numfashi na sarƙewa idan kin kwanta. A wurin jariri: ƙin kama nono, zafin jiki ko sanyin jiki, numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, jijjiga, idanu da tafin hannu su yi rawaya, cibiya ta yi ja tana ruwa ko wari. A san motar da za a kira da dare, a ajiye lambar mai ita a wayar mutum biyu.

Yadda ake faɗa ma yana da muhimmanci. Kada ki bari sai kin haihu, jiki ba ƙarfi, ana ta shiga da fita, sannan a fara ja-in-ja a kanki. Ku gama magana ke da maigida tun ciki na wata bakwai, sannan a kai wa manya cikin ladabi. Idan za ki zauna, shi ya kamata ya je ya roƙi alfarma a wurin iyayenki, ya kuma nemi su ba ku wadda za ta zo, don su san ba guje musu ake ba. Idan za ki tafi, ki ɗauki mahaifiyarki zuwa awo ko sau ɗaya, a yi bayanin nono da cibiya da kanwa a gabanta, a kuma sa ranar dawowa tun kafin a tafi, domin arba'in ɗin da ba a sa wa rana ba yakan zama wata huɗu.

A haihuwa ta uku haka muka yi. Umma ta zo Kano kwana biyu kafin in haihu, ta zauna har aka yi suna, aka duba ni da yarinyar a mako na biyu aka ce komai lafiya. Sannan muka ɗunguma Zariya tare lokacin hutun makaranta, na yi mako uku ina cin tuwonta ina barci, maigida na zuwa duk Juma'a da yamma ya koma Lahadi. Ana gobe arba'in ya zo ya ɗauke mu, ranar da ta cika kwana 42 kuma da safe muna kan layin rigakafi a asibitin da aka haife ta.